Noman rani a Bunkure da Kura: Sai da bankin da manoma suka mallaka

Shekara hamsin da 'yan kai ke nan da kammala madatsar ruwa ta Tiga, aikin da Gwamna Audu Bako ya assasa aka gama a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura da ƙarfin gangara kawai, ba tare da an tayar da inji ba. Wannan ruwa ya sauya rayuwar yankin baki ɗaya. Mutanen da a da suke ɗaure kaya su tafi cin rani da zarar an gama kaka, yau garuruwansu ake zuwa cin rani. Alkama da tumatir da albasa da masara a rani, shinkafa a damina har ma da bazara. Ƙasa ba ta hutawa, masu ita ma ba sa hutawa. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san ƙarar injinan gyaran shinkafa a Kura, ya san hayaƙin masu gasa masara a Karfi, ya san kwandunan tumatir da ake lodawa a Kwanar Gafan ana yin Kudu da su.

Abin damuwa shi ne wannan dukiya wucewa take yi ta hannun manomi, ba ta zama. Yankin da ke ciyar da birane ba shi da wata ma'ajiyar kuɗi mai ƙarfi da zai bugi ƙirji ya ce tasa ce, wadda manoma da masu injina da mata masu turara shinkafa suka zuba wa jari, suke zaɓar shugabanninta, suke kuma iya tuhumarsu idan sun kauce. An sha kawo wa karkarar Najeriya banki, sau da yawa da kyakkyawar niyya. A ganina tarihin waɗannan yunƙure-yunƙure ya riga ya koya mana darasi guda: bankin da aka kawo wa mutane a matsayin kyauta ba ya daɗewa, wanda suka gina da guminsu shi ke tsayawa. Lokaci ya yi da mutanen Bunkure da Kura za su gina nasu.

A ɗauki mai eka ɗaya ko biyu a Gafan ko Kosawa. An saki ruwa, lokacin dashe ya matso. Yana bukatar kuɗin haro, da iri, da kamfa da yuriya, da maganin feshi, da na 'yan ƙwadago, duk a cikin 'yan makonni, alhali abin da ya samu a girbin baya ya tafi a cefane da magani da kuɗin makaranta da hidimar biki. Babban bankin kasuwanci zai nemi takardar mallakar fili, shi kuwa gonarsa gado ce, shaidarsa mai unguwa da maƙwabtan gona. Don haka sai ya bari sai bayan la'asar, ya nufi shagon mai taki ko ƙofar gidan wani ɗan kasuwa, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma. A gaisa, a tambayi iyali, a yi maganar ruwa da zafi, sannan ya sassauta murya ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ba a cika wata takarda. Za a ba shi buhunan taki ko tsabar kuɗi, a yanka masa farashin buhun shanshera tun shinkafar ba ta tsiro ba, farashin da duk wanda ke wurin ya san bai kai na kasuwa ba. Wannan shi ne ba-da-kaka. Ranar da aka yanke shinkafa aka buge, yaron mai bashi na tsaye a bakin gona da buhunansa da allurar ɗinki. Sai ya gama auna nasa manomi zai ga abin da ya rage wa gida.

Ba zagin mai ba-da-kaka nake yi ba. Shi ya buɗe ƙofarsa lokacin da kowa ya rufe, shi ya ɗauki kasadar ambaliya da tsuntsaye da ƙwari. Sai dai rashin wata ƙofar ne ya ba shi damar yanka farashi yadda ya ga dama. Akwai kuma abin lura a nan, wanda masu cewa manomin Arewa ba ya biyan bashi suke tsallakewa: wannan bashi mai tsanani ana biyan sa tsaf, shekara da shekaru. Manomi na biya domin ya san mai kuɗin, ya san zai sake neman sa baɗi, kuma ya san idan ya ci amana gari duka zai ji.

Gwamnati ta daɗe da sanin wannan giɓi. A 1973 aka kafa bankin noma na ƙasa a Kaduna. A 1977 Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin bankunan karkara, ya tilasta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a ƙauyuka, har aka raba musu sama da rassa 700 kafin ƙarshen shekarun 1980. Rassan sun karɓi ajiyar mutanen karkara, amma akasarin rancen a birni aka bayar da shi, domin manajan da aka turo daga nesa bai san manomi ba, kuma ba shi da ikon yanke hukunci sai ya tambayi hedikwata. Da aka sassauta dokar, da yawa suka naɗe kaya suka koma inda suka fito. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe People's Bank, bankin talakawa, ƙarƙashin shugabancin Tai Solarin, mai ba da ƙaramin rance ba tare da jingina ba. Kuɗin gwamnati ne, kuma haka mutane suka ɗauke shi. A 2000 aka narkar da shi cikin bankin noma.

Tunani mafi kyau da aka yi a wancan zamani shi ne na bankunan al'umma, wanda aka sanar a kasafin kuɗin 1990. Tsarin ya ce gari ne zai kafa bankinsa. Ƙungiyar raya gari, da ƙungiyoyin sana'a, da ɗaiɗaikun 'yan gari za su haɗa jari na aƙalla naira 250,000, a ƙayyade abin da mutum ɗaya zai mallaka don kada wani attajiri ya mayar da bankin aljihunsa, gwamnati kuma ta tallafa da rance. Mutunci da shaidar jama'a su ne jingina. Na farko da aka buɗe a duk faɗin ƙasar a Arewa yake, wato bankin al'umma na Alheri da ke Tudun Wadar Kaduna, a Disamban 1990. Farfesa Akin Mabogunje ya jagoranci hukumar da ke kula da su, doka ta 46 ta 1992 ta ba su gindin zama, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 yawansu ya haura 1,300.

Sai dai girman ya zo da sauri fiye da tarbiyyar. An buɗe bankuna da ma'aikatan da ba su ƙware a lissafin banki ba. Daraktoci sun riƙa ba kansu da 'yan uwansu rance ba sa biya. Hukumar da ke sa ido ba ta da isassun mutanen da za su zagaya su duba littattafai. Bugu da ƙari, bankin al'umma ba ya iya warware cak da kansa sai ta hannun babban bankin kasuwanci, can yake ajiye rarar kuɗinsa. Da guguwar durƙushewar bankuna ta taso, wadda ta kai ga rufe 26 a rana ɗaya a Janairun 1998, kuɗin ƙananan da dama suka maƙale a cikin manya. A lokacin kuma inshorar masu ajiya ta hukumar NDIC ba ta shafe su ba, saboda haka wanda bankin garinsu ya mutu ya yi asara ke nan. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne mafi yawan waɗannan bankuna a Kudu aka kafa su, inda ƙungiyoyin 'yan gari suka yi ƙarfi. A nan Arewa mutane da yawa sun ja da baya saboda kuɗin ruwa, kuma ba wanda ya tsaya ya ba su hanyar da addininsu ya yarda da ita.

A Disamban 2005, zamanin da Farfesa Charles Soludo yake gwamnan Babban Banki, bankin ya fito da tsarin ƙananan bankuna na maikurofainans, ya ba bankunan al'umma wa'adin ƙarshen 2007 su kai jarinsu naira miliyan 20 ko su rufe. Kimanin 600 ne suka tsallake. Tun daga nan ake ta tankaɗe da rairaya: a Satumban 2010 aka soke lasisin 224, a Mayun 2023 aka soke na 179. A nan Kano, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso a zangonta na biyu ta kafa ƙananan bankuna 37 a ƙananan hukumomi, domin kai banki inda babu. Niyyar ta yi daidai da bukata, kuma duk mai adalci zai yaba. Amma jarin daga gwamnati ya fito, naɗin shugabanni ma daga can, don haka da hankalin gwamnati ya koma wani wuri sai yawancinsu suka yi sanyi, har gwamnatocin da suka biyo baya suka riƙa maganar farfaɗo da su. Ba a ji jama'ar wani gari sun taru sun ce sai an ba su bahasi kan bankinsu ba, domin ba su taɓa jin cewa nasu ba ne.

Shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya maimaita darasin da babbar murya. An fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, manoman shinkafa da yawa sun amfana, injina sun ƙaru, amma wajen biya sai aka shiga ja-in-ja. Wasu sun ce kayan sun zo musu a makare, wasu sun ce sunayen da ba manoma ba ne suka cika takarda, wasu kuma sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Manomin da ba ya iya kallon idon mai ba-da-kaka ya ce ba zai biya ba, shi ne dai ya ga babu laifi ya riƙe na gwamnati. Mutumin bai sauya ba, mai kuɗin ne ya sauya.

Idan ana neman shaidar cewa Bahaushe na iya riƙe amanar kuɗin haɗaka, ba sai an je nesa ba. A shiga gidajen Kura ko Ɗorawar Sallau inda mata ke turara shinkafa. Tun da asuba an hura wuta a ƙarƙashin manyan tukwane, an jiƙa, an turara, an baza a rana, yara na kora kaji. Ranar zubi, yarinyar uwar adashi na bi gida gida da ɗan littafinta, kowace mace ta kwance bakin zane ta miƙa nata. Wadda kwasa ta zo kanta ta sayi buhunan shanshera da yawa lokacin da suke araha, ko ta sauya tukunya, ko ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Ba kotu, ba ɗan sanda, amma da wuya a ji an fasa zubi, domin wadda ta fasa ta rasa fuska a unguwa. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, a 1991, ƙungiyar CARE ta ɗora wani tsari a kan wannan al'ada, aka kira shi Mata Masu Dubara: mata su riƙa zuba kuɗi a akwati kowane mako, su ba junansu rance, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Yau wannan tsari da aka haifa a ƙasar Hausa ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na cin moriyarsa.

Adashi dai yana da iyaka. Ba ya iya sayen tarakta, ba ya iya gina sito, ba ya iya jiran manomi wata biyar. Abin da ake bukata shi ne a ɗauki wannan amana a sa ta cikin gidan da ke da lasisi da littattafai da masu bincike. Wasu sun yi haka sun ga amfani. A Jamus, Friedrich Raiffeisen ya kafa ƙungiyar rance ta manoma a 1864 domin kuɓutar da su daga masu cin su da bashi, kuma bankunan da suka tsiro daga wannan tushe suna nan har gobe. Kusa da mu, Gana ta buɗe bankin karkara na farko a Agona Nyakrom a 1976, mallakar mutanen yankin. Yau suna da sama da 100, kuma a farkon shekarun 2000 suka samu uwar banki tasu mai warware musu cak, da horar da ma'aikata, da duba littattafai. Abin da ya kashe namu a shekarun 1990, su sun yi masa magani.

To, wane irin banki ne zai dace da Bunkure da Kura? Na farko, jarinsa ya fito daga hannu da yawa. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2019, ƙaramin bankin da zai yi aiki a karkara na bukatar jarin naira miliyan 50. Idan mutum 5,000 suka sayi hannun jarin naira 10,000 kowanne, an haɗa. Wannan kuɗi bai wuce na tirela biyu ta gyararriyar shinkafa ba, a yankin da tireloli ke fita kullum. Gaskiya ne miliyan 50 ƙofar shiga ce kawai, ana bukatar ninkinta kafin a yi aikin kirki, amma yankin na da masu injina da dillalai da 'yan boko mazauna Kano da Abuja da za su iya ƙarawa. Sharaɗin shi ne a rubuta iyakar abin da mutum ɗaya ko gida ɗaya zai mallaka, a kuma ware wa mata kaso da kujeru a hukumar gudanarwa, domin su ne suka fi kowa sanin darajar zubi.

Na biyu, ya zama banki marar kuɗin ruwa. Uzurin da aka yi a 1990 ya ƙare. Bankin Jaiz marar kuɗin ruwa ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, wasu sun biyo baya, kuma a 2017 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin kafa ƙananan bankuna marasa ruwa. Fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure yana da duk abin da manomi ke nema. Akwai murabaha, inda banki zai sayi taki da iri ya sayar wa manomi da ribar da aka sani tun farko, a biya bayan girbi. Akwai ijara, inda banki zai mallaki injin ban ruwa ko na girbi ya bayar haya. Akwai kuma salam, wato a biya kuɗin amfanin gona tun kafin ya nuna, bisa sharaɗin a fayyace nau'i da ma'auni da lokacin bayarwa. Duk wanda ya duba zai ga ba-da-kaka ɗan uwan salam ne da aka bar shi ba mai tsawatarwa. Idan bankin da manoma suka mallaka ne ke yin wannan ciniki, za a yanka farashi a fili gaban wakilansu, kuma ribar da aka samu gida za ta dawo a ƙarshen shekara. Shi kansa ɗan kasuwa zai gyara farashinsa ranar da ya ga manomi na da wata ƙofar.

Na uku, agogon bankin ya bi na gona. Yawancin ƙananan bankunan birni sun saba da 'yan kasuwa masu biya mako mako. Shinkafa ba ta haihuwa mako mako. Wanda ya dasa a Yuli ba shi da abin biya sai Oktoba ko Nuwamba, mai alkama da ya shuka a tsakiyar Nuwamba sai Maris. Jami'in rance ya zama wanda ya san wannan, wanda zai hau babur ya bi gefen kanal ya ga gonar da idonsa, ya san wanda ke kusa da bakin ruwa da wanda ke can ƙarshe inda ruwa ke isa a makare. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin aikin gyaran kanal na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa, sun riga sun san gonar kowa da girmanta da wanda ke biyan kuɗin ruwan ban gona a kan lokaci. Wannan sani ya fi takardar fili amfani wajen gane wanda zai biya.

Na huɗu, bankin ya mallaki sito. Babbar asarar manomi ba a gona take ba, a kasuwar kaka take, lokacin da kowa ya fito da kaya a rana ɗaya farashi ya faɗi, shi kuma bashi na binsa dole ya sayar. A Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma ke yin wata dabara: su zuba hatsi a sito, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun masu ba da kuɗi, a ba manomi wani kaso na darajar kayansa ya biya bukata, idan farashi ya tashi a buɗe a sayar. Shanshera da alkama da masara duk suna jure ajiya. Malamai da masana harkar kuɗi za su iya zama su tsara yadda za a yi wannan ba tare da an taɓa haram ba. Tumatir kuwa, da ba ya jira, sai a taimaka wa masu shi da akwatunan roba maimakon kwando, da wuraren shanya kauɗa masu tsafta, don kada wanda ya rasa mai saye ya zubar a gefen titi.

Akwai masu cewa zamani ya wuce wannan magana, tunda ga masu POS a kowace kwana, ga Moniepoint da OPay a waya. Ba shakka sun kawo sauƙi. Dillali na biyan manomi ta tiransifa, an rage yawo da kuɗi a buhu, kuma wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta tura mutane da yawa buɗe asusu. Binciken ƙungiyar EFInA na 2020 ya nuna kashi 68 cikin 100 na manya a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma waya ta taimaka wajen rage wannan adadi. Amma tura kuɗi daban, ba da jari daban. Na'urar POS ba ta san gonar kowa ba, ba za ta jira girbi ba, kuma kuɗin da ke kwana a waɗannan asusu ba a Bunkure ake yanke shawarar inda za a juya su ba. Bankin gari ya yi amfani da waya da wakilai a ƙauyuka, wannan dole ne; abin da ba za a iya saya daga Legas ba shi ne sanin mutane.

Haɗarin da ya fi girma, wanda bai kamata a ɓoye ba, shi ne idan masifa ta zo wa yankin noma tana zuwa wa kowa lokaci ɗaya. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, wanda aka buɗe a shekarar, ya tsaya saboda rashin kaya. Haka idan aka rufe ruwa domin gyaran kanal, ko gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci farashi ya karye, kamar yadda manoman alkama suka gani bayan ɗage haramcin shigo da ita da aka sa a 1987. Bankin da ya zuba duk kuɗinsa a amfani ɗaya zai faɗi tare da masu shi. Maganin shi ne a rarraba: wani kaso ga shinkafa, wani ga masu injina, wani ga masu kiwo da 'yan tireda da masu sufuri. A riƙa ware rara kowace shekara kafin a raba riba, a sa inshorar amfanin gona ko takaful, wato inshorar Musulunci, a cikin kowace yarjejeniya, a kuma nemi haɗin gwiwa da irin waɗannan bankuna a wasu yankuna don su tallafi juna.

Sai haɗari na cikin gida, wanda shi ya fi kashe bankunan al'umma: darakta ya ci bashi ya ƙi biya, ɗan siyasa ya aiko da jerin sunaye, manaja ya ji kunyar hana surukinsa. Wannan ba a maganinsa da wa'azi kaɗai. A rubuta cewa duk rancen da shugaba ko ɗan gidansa ya karɓa za a karanta shi a babban taron shekara. A ɗauki ƙwararren manaja da akanta bisa cancanta, a biya su albashi mai kyau. A kawo masu binciken kuɗi daga waje, a fassara rahotonsu da Hausa a karanta wa masu hannun jari. Hakimai da limamai su zama iyaye masu sasanci da shaida, kada a ɗora musu sa hannu a takardar rance. Masu ajiya kuma su sani cewa tun 2024 NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a ƙananan bankuna zuwa naira miliyan biyu ga kowane mutum, kariyar da iyayenmu ba su samu ba a 1990.

Gwamnati na da rawar takawa, amma ƙarama ce. Ta ba da fili, ta taimaka da horo, ta gyara hanya da wuta. Inda akwai ƙaramin bankinta da ke riƙe da lasisi yana kwance, ta nemi amincewar Babban Banki ta sayar wa mutanen garin hannun jarinsa, ta janye daga naɗin shugabanni. Wannan ya fi a sake zuba masa kuɗi a jira ya sake kwanciya.

Sauran aikin namu ne. Shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da na manoman shinkafa da tumatir da alkama, da masu injinan Kura, da iyayen adashi, da 'ya'yan yankin da suka yi aikin banki suka san ƙa'idojinsa, su ne ya kamata su kira taro bayan girbi mai zuwa, lokacin da kowa ke da ɗan abin hannu. A kafa kwamitin amintattu, a buɗe rajista, a fara da ƙungiyar gama kai mai ajiya da sayen taki a dunƙule, a yi shekara ɗaya ko biyu ana gwada amana, sannan a nemi lasisi. Wanda ba shi da tsabar kuɗi ya kawo buhu a kimanta masa. Ba za a rasa masu cewa an sha gwadawa ba a yi nasara ba. A amsa musu da cewa abin da aka sha gwadawa shi ne bankin gwamnati a garinmu. Bankinmu da kuɗinmu, bisa tsarin da addininmu ya yarda da shi, shi ne ba mu gwada ba tukuna, kuma babu wanda zai zo daga wani wuri ya yi mana shi.